Hamad Gafara da Kwat ɗin Bature

Duk wanda ya zauna a Hay el-Sabi' a shekarun nan ya san Hamad Gafara, in bai san sunansa ba to ya san kwat ɗinsa. Dogo ne baƙi mai soso a ciki, ya sauka har ƙasan gwiwa, irin wanda aka ɗinka domin ƙasashen da ruwa ke daskarewa a bakin famfo. Shi kuwa Hamad a Alƙahira yake sa shi, ranar Juma'a bayan la'asar, ko da a watan Agusta ne, lokacin da karnukan unguwa ma suke neman inuwa a ƙarƙashin motoci. Zai tsaya a bakin filin ƙwallo, hannu biyu cikin aljihu, yana taunar cingam, gumi na bin wuyansa, ba kuma wanda ya taɓa ganin ya ɓalle maɓalli ɗaya. Matarsa Awadiyya takan ce ita ba ta fargabar komai a Masar sai ranar da za a kawo mata mijinta dafaffe.

Asalinsa mutumin Mai Wurno ne a ƙasar Sudan, jikan mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, tafiya ta yi musu tsawo suka sauke kaya a bakin Nilu suka yi gari. Hausarsa ta kakanni ce, Larabci ya shiga cikinta kamar wake a shinkafa. Da ƙuruciya shayi ya sayar a tashar mota ta Sinnar, kuma iyakar alaƙarsa da ƙwallo ita ce rediyon da ke rataye a rumfarsa. Ya shigo Masar yana saurayi da niyyar wucewa gaba, sai ya gaji kakanninsa, ya zauna. Wani bawwab, wato mai tsaron ƙofar bene, ya samar masa aikin kuku a wani gida a unguwar Mohandessin, kuma a wannan gidan ne ya gamu da mutumin da ya sauya masa rayuwa ba tare da ya taɓa riƙe sunansa ba.

Sunan Baturen Ron Pickersgill, ɗan ƙasar Ingila. Hamad ya san tarihinsa fiye da yadda ya san salsalar gidansu. An haife shi a wani garin masu haƙar kwal a arewacin ƙasar. Ya yi wasa a rukuni na biyu a matsayin ɗan baya, kuma sunan da ya yi ba a raga ya yi shi ba, a ƙwaurin mutane ya yi shi. An karya masa hanci har hancin ya daina damuwa, sannan gwiwa ta ce ta gaji, ya ajiye takalmi ya koma horarwa. A shekararsa ta farko ya ceci wata ƙaramar ƙungiya daga faɗawa rukunin ƙasa, kuma da wannan alheri guda ya ci abinci har tsufansa. Bayan nan sai kora. Wannan ƙungiya ta ɗauke shi da kaɗe-kaɗe ta sallame shi da takarda, waccan ma haka, kowace kora tana tura shi ƙasar da ta fi ta baya nisa da zafi. Har dai wani attajiri mai ƙungiya a Alƙahira ya ga yana son Bature a bencinsa, kamar yadda ake son fitila mai kwalliya a falo, ya aiko aka kawo Mista Ron.

Ilimin ƙwallon Hamad duka daga ƙofar kicin ya ɗebo shi. Mista Ron ba shi da abokin hira, matarsa ta daɗe da barinsa, don haka in ya dawo daga fili ya ci ƙwai da waken gwangwani sai ya kira kuku ya tsayar da shi. Ya jera kwalbar gishiri da ta barkono da cokula a kan tebur, ya ɗauki ƙwayar sukari daga wannan gefe ya cilla ta sama ta faɗa can ɗaya gefen. Falsafarsa ke nan gaba ɗayanta: tsakiyar fili ba wurin zaman ƙwallo ba ne, a buga ta sama ta je gaba, abin da Allah ya yi shi ke nan. Turancin Hamad a lokacin bai wuce sunayen abinci ba, amma ya gane sukarin. Yana jira a gama ya kwashe kwanuka. Wannan tsayuwar ce daga baya ya riƙa kira zaman tsara dabaru.

A gidan ya tsinci kalmar da ta bi shi har yau. Duk Baturen da ya bugo waya ko ya leƙo ziyara ba ya kiran Mista Ron da suna, sai ya ce gafa, wai haka 'yan wasan ƙasarsu ke kiran maigidansu. Hamad ya ji kalmar ta yi masa daɗi a baki, yana wanke-wanke yana maimaita ta.

A gidan kuma ya ga kora da idonsa. Wata rana attajirin ya fito a talabijin ya ce shi da kwamitinsa suna bayan kocinsu ɗari bisa ɗari. Hamad ya yi murna har ya ƙara ƙwai ɗaya a kasko. Mista Ron ya shigo ya ce masa ya sauko da akwatuna daga kan kabad. Hamad ya haɗa ɗan Turancinsa da hannu ya ce ai yabo aka yi. Baturen ya yi dariya, ya juya ya nuna bayansa, ya ɗaga ƙafa ya kwatanta hauri: in sun ce suna bayanka, inda za su sa ƙafa suke dubawa. Kafin mako ya fita an sallame shi. Yana haɗa kaya yana faɗa wa kuku, ba tare da wani ɓacin rai ba, cewa kocin da ba a taɓa kora ba ɗan kallo ne da ya samu kujerar gaba. Kwat ɗin kuwa, a ruwayar Hamad, Mista Ron da kansa ya ɗora masa a kafaɗa kamar ana naɗin sarauta. A ruwayar Awadiyya, wadda Hamad ya aura a wannan shekarar, akwati ne ya ƙi rufuwa.

Shekaru suka shuɗe. Hamad ya bar aikin gidaje ya koma wani gidan abincin Sudaniyawa a Abbasiya, yana dama ful, wato faten wake, yana haɗa shayi, kuma duk unguwar ba wanda ya fi shi hannu a shayi mai kirfa da citta. Amma yabon shayinsa bai taɓa faranta masa ba. Abu ɗaya yake so a duniya, a ce da shi koci, kada a ce kuku.

Wata Juma'a yana wucewa ta wani filin haya a Hay el-Sabi' ya ga ɗaliban Najeriya masu karatun addini, da 'yan samarin Hausawan Sudan, suna wasa ba tsari. Ya koma gida ya zaro kwat daga ƙarƙashin gado ya dawo ya tsaya a bakin fili ya fara tsawa. Ba wanda ya naɗa shi. Ba kuma wanda ya iya buɗe baki ya ce wa dattijo ya tafi, balle da aka zo hutun rabin lokaci ya buɗe filas ƙamshin kirfa ya cika wurin. Ya gabatar da kansa a matsayin tsohon mataimakin kocin Ingila, ya raɗa wa ƙungiyar suna Zaratan Sabi', ya ce daga yau a riƙa kiransa Gafa. Wani ɗalibi Bakano ya ji abin da kunnen Bahaushe zai ji, ya ce to, Gafara. Shi ke nan suna ya zauna.

Sunan ya zo da sauƙi ga kowa. Hamad ba ya iya tsayawa bayan layi, in wasa ya yi zafi sai ka gan shi cikin fili har ya kusa tsakiya. Ɗan wasa zai taho a guje da ƙwallo ya ce “Gafara!” kamar yadda mai tura baro ke faɗa a kasuwa, shi kuma ya amsa da “Na'am, ya zol,” wato na'am bawan Allah a bakin Sudaniyawa, yana nan a tsaye. Umarninsa kuwa ɗaya ne tun daga farkon wasa har ƙarshe: sama, sama, yalla sama. Sun yi shekaru a haka a gasar da ƙungiyoyin baƙin Afirka ke yi a unguwar, yau su ci, gobe da jibi a ci su. In ya dawo gida yakan zauna a kujerar falo ya yi wa Awadiyya bayanin wasa kamar tana riƙe da makirufo, ya ɗora laifi a kan alƙalin wasa da iska da ciyawar roba. Ita kuma tana tsince shinkafa takan kira shi da sunan 'yarsu ta ce, Abu Nuha, 'yan jarida sun gode, a cire kwat a yi wanka.

Mutum ɗaya ne bai bar shi ya sha iska ba, Gidaɗo mai tsaron gida, wani dogon Bafulatanin Gombe mai karatun hadisi. Gidaɗo ba ya karɓar labari sai ya ji wa ya rawaito shi daga wa. Yana shan shayi zai ɗago kai cikin ladabi ya ce, “Kawu, wannan batu na mataimakin Bature, ni fa har yanzu isnadinsa nake nema. Daga Kawu Hamad, daga Kawu Hamad, daga kwat. Malamanmu ba su karɓar irin wannan.” Sauran su sunkuyar da kai cikin kofuna. Hamad ya tauna cingam ya ce wanda ya ga jiya ba ya jayayya da ɗan yau, amma maganar takan bi shi har gida.

Sai yaƙi ya ɓarke a Sudan, mutane suka kwararo Masar, gidan Hamad ya cika da 'yan'uwa. Cikinsu har da Amjad, ƙanen Awadiyya, wanda malamin motsa jiki ne a Madani kuma ya taɓa yi wa wata ƙungiyar garin wasa. Hamad ya sa shi a tsakiya don zumunci. Amjad ba mai surutu ba ne, amma ƙafarsa ba ta san sama ba. Yakan karɓi ƙwallo ya miƙa wa na kusa a ƙasa, ya matsa ya sake karɓa, kuma a hankali sauran suka fara kwaikwayonsa. Hamad na ihun sama, yara na kallon hannun Amjad. Ba su yi masa rashin kunya ba. In ya yi tsawa su ce tamam, Gafara, su ci gaba da abin da suke yi. A gida kuma mutumin da ke ƙwace masa ƙungiya yana zaune a tabarmarsa yana cin tuwonsa yana ce masa sannu da aiki, Yaya.

Abin ya zo wuya ranar da ƙungiyar Somaliyawa ta doke su. Shugaban kwamitin ƙungiyar shi ne Ustaz Abdurrahim, wani Basakkwace mai taushin hali wanda ya daɗe yana rubuta kundin digirinsa har ɗaliban da ya tarba a filin jirgi sun gama sun koma gida sun yi jikoki a fatar baki. Ya ga dattijo a tsaye shi kaɗai, tausayi ya kama shi, ya je ya riƙe hannunsa biyu.

“Kawu, ka kwantar da hankalinka. Nasara da rashinta duk muƙaddari ne. Alal haƙiƙa mu dai muna bayanka, dukkanmu.”

Har ga Allah Ustaz ya faɗa. Amma cingam ya tsaya a bakin Hamad. Ya isa gida bai yi taron 'yan jarida ba, ya hau kujera ya sauko da akwati daga kan kabad, ya buɗe shi a tsakar ɗaki, sannan ya tsaya yana kallonsa don bai san abin da zai sa a ciki ba. Awadiyya ta tambaye shi ko Ingila aka kira shi. Ya ce mata an gama da shi, Ustaz ya ce suna bayansa. Ta ce to a gabansa yake so su tsaya? Ba korar ce ke cin ransa ba, ya san kora ƙaddarar koci ce. Abin da ya hana shi sukuni shi ne yadda Hausawa ke ture dattijo: ba za su kore shi ba, za su bar shi yana tsaye yana ihu har ya zama mutumin nan mai kawo shayi, wanda ya ce wai ya taɓa aiki da Bature. In dai za a tsige shi, yana so koci a tsige.

Ana cikin haka sai tsohon bawwab ɗin Mohandessin ya bugo masa waya, ya ce ya ga wani mai kama da Baturensa yana hawa bene wurin likitan haƙori da ke hawa na biyu. Ashe Mista Ron ya zo gyaran baki ne, domin a ƙasarsu an ce ya jira layi har sai haƙoran sun gama zubewa da kansu. Hamad ya ajiye ludayi ya nemi izini a wurin aiki, ya hau mikrobas, ƙaramar motar haya, da kwat ɗinsa a jaka, ya sa shi a bakin bene, ya jira.

Wanda ya sauko tsoho ne mai tumbi da sanda, auduga cike da kumatunsa. Hancin nan ne kawai bai sauya ba. Hamad ya ƙame ya ce, “Gafa.” Baturen ya tsaya cak. Da alama an daɗe ba a kira shi haka ba, don idonsa ya kawo ruwa. Ya dubi fuskar bai gane ta ba, ya dubi kwat ɗin ya gane shi, ya buɗe hannu ya rungume su biyun yana cewa Muhammad, Muhammad, sunan da yake kiran kowane namiji da shi tun daga filin jirgi. Da Hamad ya yi masa bayanin cewa yana da ƙungiya kuma suna da wasa ranar Juma'a, Mista Ron bai ma bari ya ƙarasa ba ya ce zai zo. Ba shi da abin yi sai kallon rufin otal har a gama ƙera masa haƙora.

Ranar Juma'a filin ya cika, har masu shagon kusa sun leƙo. Wasan ramuwa ne da Somaliyawan nan. Hamad ya shigo da baƙonsa a hankali, kamar mai kawo sheda kotu. An cire wa Mista Ron haƙoran gaba ba a kai ga sa sababbi ba, maganarsa na fita da iska, amma Gidaɗo ya yi sakandaren boko, shi aka sa tafinta. Aka yi wa Bature bayanin cewa a nan gafara ake cewa maimakon gafa, ya ji daɗi ƙwarai ya maimaita. Gidaɗo kuwa bai ɓata lokaci ba. Ya gaishe shi, ya nuna Hamad, ya tambaya ko gaskiya ne sun yi aiki tare.

Mista Ron ya dafa kafaɗar kwat ya yi magana mai tsawo, Gidaɗo na juyawa da Hausa jimla bayan jimla. Wai wannan mutumin shi ne hannun damansa a Masar. Wai shi yake fara gani da safe. Wai da ba don shi ba da bai yi mako guda a ƙasar ba. Gidaɗo ya ƙara matsawa ya tambaya, to takamaimai mene ne aikinsa? Baturen ya dubi Hamad, ya dubi yaran da suka zagaye su, sannan ya ba da amsa. Ko ya fahimci abin da ake ciki, ko kuwa gaskiya kawai ya faɗa, Allah masani.

“Ya ce,” in ji Gidaɗo, “babu abin da ya taɓa hawa teburinsa ba tare da ya bi ta hannun Kawu ba.” Ya juya ya fuskanci jama'a. “To, isnadi ya inganta. Kawu, a yafe mini.”

Hamad ya zaro sabon cingam ya jefa a baki. A ransa ya ce da a ce yanzu alƙalin wasa zai busa tashi, da ya mutu koci.

Sai dai farawa aka busa. An ba Mista Ron kujerar roba a inuwa, ya zauna na ɗan lokaci kamar mutumin kirki. Da ya ga Amjad ya miƙa ƙwallo a ƙasa sau biyu a jere, sai ya miƙe. Ya dogara sanda ya zo bakin layi, ya tsaya daidai gaban Hamad, ya fara ihu yana nuna sama da sandar. Abin da Hamad ya yi shekaru yana roƙo ba a yi masa ba, sai ga shi an yi wa Bature nan take. Kowa ya samu ƙwallo ya ɗaga ta sama. Somaliyawa kuwa dogaye ne kamar turakun lantarki, suka riƙa karɓa da ka suna godiya. Mista Ron ya sa aka fitar da Amjad, wai yana ɓata lokaci a tsakiya. Hamad na leƙe ta bayan kafaɗarsa, yana maimaita kowace tsawa bayan an riga an bi ta.

Dab da hutun rabin lokaci, an riga an zura musu uku, Mista Ron bai ko waiwayo ba ya ɗaga yatsa ya ce, da muryar da yake yi a gidan Mohandessin, “Muhammad, ti.”

Ba a buƙaci tafinta ba. Kafin kan Hamad ya yanke shawara ƙafafunsa sun kai shi wurin filas. Ya jera kofuna a tire, ya ware ɗaya ya fara zuba madara kafin shayi, ya sa sukari yadda ake so ba tare da ya tambaya ba, ya juya cokali ya goge gindin kofin da gefen kwat. An busa hutu, Gidaɗo na tahowa daga raga yana cire safar hannu, ya tsaya yana kallon hannuwan nan. Ya buɗe baki, sai kuma ya rufe.

Hamad ya ɗauko tire ya nufi 'yan wasa, Bature ya tare hanya da tumbinsa da sandarsa yana zana dabaru a iska. Ba ta dama ba ta hagu. A karo na farko tun da aka raɗa masa sunan, Hamad ya yi amfani da kalmar a ma'anarta ta kasuwa.

“Gafara,” ya ce.

Mista Ron ya juyo fuska a sake, ya washe dasashi, ya amsa kiran sarautarsa. Bai matsa ko taku ɗaya ba. Ya ɗauki kofinsa daga tiren, ya kurɓa, ya lumshe ido ya ce wa Gidaɗo ya faɗa wa yara cewa duk duniya babu mai shayin Muhammad. Gidaɗo ya ce da su, “Ya ce a ƙara ƙoƙari.”

An tashi shida da nema. Mista Ron ya bi kowa ya ba shi hannu, ya bayyana cewa laifin alƙalin wasa ne da zafin rana da ciyawar roba, ya shiga tasi. Bayan kwanaki ya koma ƙasarsu da sababbin haƙora.

Kwamiti ya zauna a harabar masallaci bayan sallar Juma'ar da ta biyo. Ustaz Abdurrahim ya yi doguwar muƙaddima a kan girmama na gaba da kiyaye maslaha, sannan ya kawo shawarar da suka cim ma: Amjad zai riƙa tsara wasa, shi kuma Kawu za a ɗaukaka shi ya zama uban ƙungiya, da kujerarsa ta musamman a inuwa, kuma ba shakka ana fatan albarkar shayinsa ba za ta yanke ba. Kowa ya gyaɗa kai, an samu mafita ba a zubar da mutuncin kowa ba.

Hamad ya ce bai yarda ba. Ya ce shi ba uban kowa ba ne sai Nuha. In aikinsa bai gamsar ba, a kore shi.

Ustaz ya rikice ya ce subhanallah, korar dattijo ba tarbiyyarmu ba ce, kuma in aka bi ta fiƙihu ma, yaya za a tsige wanda ba a taɓa naɗawa ba? Maganar ta fita kafin ya kama ta.

Gidaɗo ne ya yi gyaran murya. Ya ce shi dai shaida ne, a gabansa Bature ya tabbatar da Kawu, kuma duk duniya ƙungiyar da aka ci shida da nema kocinta ake kora, ba ubanta ake naɗawa ba. Ya ce haƙƙin Kawu ne, kada a tauye masa. Yana magana yana kallon tabarma.

Haka aka yi. Ustaz ya rubuta a zauren WhatsApp na ƙungiya, yana rubutu yana istigfari, cewa kwamitin Zaratan Sabi' ya sallami koci Hamad daga aiki nan take sakamakon rashin kyawun sakamako, yana gode masa, yana yi masa fatan alheri a gaba. Hamad ya sa aka karanta masa a fili, ya nemi a maimaita wurin da aka ce koci. Ya miƙe ya gyara kwat ya ba kowa hannu, ya ce ba shi da abin cewa ga 'yan jarida a yanzu.

A gida ya miƙa wa Awadiyya wayar. Ta karanta ta ce mabruk, Abu Nuha, Allah ya sa a fara a sa'a, ta tambaya ko yanzu za ta iya kai kwat wanki. Ya ce a'a, ana iya nemansa kowane lokaci, ƙungiyoyi ba sa barin gogaggen koci ya daɗe a zaune.

Juma'ar da ta zagayo, Amjad ya ɗaura takalmi ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce yara sun ce a gaishe da Yaya, kuma wai ko za a samu filas. Hamad ya ce korarren koci ba ya komawa filin da aka kore shi, ko da aike. Awadiyya ta dafa nata ta ba ƙanenta. An ce ranar Zarata sun yi kunnen doki, kuma an dawo da rabin shayin.

Wayar Hamad ba ta yi ƙara ba, a wannan makon ko a na bayansa. Daga bisani aka fara ganinsa a wani fili can bayan Abbasiya, mai ƙura, ba inuwa, inda samarin Eritiriya ke wasa da yamma. Yana nan a bakin layi da kwat ɗinsa, hannu cikin aljihu, yana nuna musu sama. Bai kai musu filas ba, ya ce wannan karon da ƙwarewarsa kaɗai zai shiga. Can babu mai jin Hausa, don haka babu mai ce masa gafara. In ya shiga hanya, kewaye shi suke yi su wuce.